Hajjo da Fim ɗin da Ba a Fassara Ba

Abu biyu aka san mahaifiyarmu Hajjo da su a Ɗanzomo: kantun riɗi da kuka. Kantun nata har daga Sule Tankarkar ake aikowa a saya. Kukan kuwa kyauta ne, duk wanda ya shigo gidanmu bayan la'asar zai same shi. Za ka tarar da ita a inuwar rumbu ta miƙe ƙafa a tabarma, ta jingine waya a jikin ƙwarya, haɓar zani a hannu, tana sharɓar hawaye don wani Ba'indiye ya rabu da wata Ba'indiya. Mace mai shekara hamsin da takwas, da jikoki bakwai.

Ni ce 'yarta ta uku, Halimatussa'adiya, ana ce mini Sadiya. Ina koyarwa a firamare, aurena a cikin gari yake, lungu biyu ne tsakanina da gida, don haka kusan kullum sai na leƙa. Na gaji Inna a fuska, ban gaje ta a haƙuri ba. Kukan nan nata ya daɗe yana ba ni haushi, ba kuma don maƙwabta suna dariya ba. Haushina shi ne matar da take zubar da hawaye haka saboda mutanen da ba su san da zamanta a duniya ba, ban taɓa ganin ta zubar da ko ɗigo ɗaya saboda ɗanta na fari ba.

Yaya Manu ke nan. A Gagarawa ta haife shi, a gidan iyayenta, tana da shekara ashirin. A wurin su Inna ɗan fari ba abin nunawa ba ne. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ko nono sai an shige ɗaka. Da aka yaye shi Gwaggo Lauratu, yayar babanmu, ta goya shi ta tafi da shi Gumel, can ya yi makaranta, can ya yi gemu. Yawancin sa'annin Inna sun sassauta wannan kunya da girma ya zo musu. Ita sai ta ƙara ɗaure ta tamau. “Wancan” take ce masa, ko “na Gumel”, da ya koma Maigatari kuma ya zama “na Maigatari”. Idan ya zo gaishe ta zai durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango. In da magana, ni ake nema. Suna zaune taku huɗu tsakaninsu za ta ce, “Sadiya, tambayi wancan ko ya ci abinci.” Ni kuma in juya kamar wata sakarya in ce, “Yaya, wai ka ci abinci?” Shi ma ya dube ni ya ce, “Ki ce mata alhamdulillahi.”

Shekarar da ya faɗi a babur ya karye a cinya, wata uku yana kwance a Gumel, duk mako sai ta aika da kantu da man shanu. Ƙafarta ba ta taka can ba.

A gidan Gwaggon ta fara ganin fim. Babanmu, Allah ya jiƙansa, yana kwance a asibitin Gumel, ita tana jinya tana kwana wurin Gwaggo. Lokacin zamanin kaset ne. Wata rana da yamma aka kawo wuta, aka sa wani na soyayya, Yaya Manu yana zaune a gaba shi ke kula da bidiyon. Gwaggo ta ce tana madafa ta jiyo shesshekar Inna, ta fito a guje ta ɗauka saƙon mutuwa ne ya zo daga asibiti. Har ta rasu tana ba da labarin nan, kullum kuma sai ta ƙara da cewa ita dai ba ta sani ba, fim ɗin Hajjo take wa kuka ko ƙeyar da ke gabanta. Ni a lokacin na ɗauka tsokana ce irin ta dangin miji.

Da waya ta zo abin ya samu wurin zama. Da ribar kantu ta sayi wayarta, ta sayi 'yar sola ta ɗora a kan danga. Sai kuma aka yi dace, ko rashinsa, sana'ar ɗanta ta zama turi. Yana da rumfa kusa da tashar mota a Maigatari, da kwamfuta ɗaya da fanka, ka ba shi memorin wayarka ya cika maka da finafinai. Ranar Alhamis da kasuwa ke ci ko ruwa ba ya samun sha, mutanen ƙauyukanmu da na Nijar duk suna layi. Kashi uku ya raba hajarsa: na faɗa, na dariya, na kuka. Ya ce na kuka ya fi tafiya, ba kuma a wurin mata kaɗai ba. Sai ka ga ƙaton dillalin raƙuma ya sha rawani ya sunkuyo yana raɗa, “A sa mini mai ban tausayi, na iyali ne.” Yaya ya ce da a ce duk na iyali ne, da iyalin ƙasar Damagaram ba su da aikin yi sai kuka. Shi kansa ba ya kallon irinsu. Na faɗa yake so, a cikinsu ya tsinci yaren Indiya tun yana saurayi a gidajen kallo na Gumel, har ya zama yana jin sa sosai.

Duk Alhamis Inna takan ƙulle memorinta a leda tare da kantu ta ba masu zuwa kasuwa, saƙon kuma ni ke bugawa a waya. Bai taɓa canzawa ba. “A ce masa kada ya sa mini wanda ake biki a ƙarshe.” Ta tsani irin wannan. Ta ce yaudara ce, a sa ka kuka awa biyu sannan a ce maka wasa ake.

Na taɓa tsare ta na ce, “Wai Inna mene ne daɗin abin da zai sa ki kuka? Wahalar duniya ba ta ishe ki ba sai kin sayo wata?”

Ta fyace hanci ta ce, “Ke dai ba ki sani ba. In na yi wannan kukan ba mai ce mini in yi haƙuri. Dariya kawai za ku yi mini, dariya kuwa ba ta hana ni gamawa.”

Na ce lallai tsufa ya zo, na tashi na bar ta.

Yaya bai yi aure da wuri ba, sai da ya kai talatin da uku. Matarsa Muhsina telar mata ce a Maigatari, baƙa siririya mai yawan dariya, ita kaɗai na taɓa ganin ta tsokani Yaya har ya rasa amsa. A kwano ɗaya suke cin abinci. Ranar da Inna ta ji wannan sai da ta riƙe baki, amma makon nan kantun da ta aika ya ninka. Shekara huɗu ba haihuwa, sannan ciki ya samu. A daminar bara, wata ranar Alhamis, naƙuda ta zo da gardama. Aka ɗauko ta a mota za a kai ta Gumel. Ba a ƙarasa da ita ba, ita da abin da ke cikinta.

A wurin zaman makoki kowa yabon Yaya yake. Shi ya shiga kabari ya karɓe ta, ya fito ya karkaɗe gwiwa, idonsa ƙamas. Dattawa suna ta cewa wannan shi ne tawakkali, wannan shi ne namiji. A cikin gida kuma Inna tana tsakiyar mata da carbi, ana yi mata gaisuwa tana amsawa a sanyaye kamar rasuwar maƙwabta ce, don uwar ɗan fari ba ta nuna zafin abin da ya same shi. Sau biyu Yaya ya shigo ya durƙusa aka yi masa gaisuwa, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ranar uku na ja ta bayan ɗaki na faɗa mata maganar da ba a faɗa wa uwa. Na ce da Ba'indiye ne matarsa ta mutu da yanzu zaninki ya jiƙe. Ta dube ni kawai ta koma ta zauna.

Da muka dawo Ɗanzomo, ni da ƙannena muka yanke shawara a kanta ba tare da ita ba. Muka cire memorin finafinan, muka sa mata na karatu da wa'azi, don bai dace a jiyo kiɗan Indiya daga gidan da aka yi rashi ba. A ganinmu mutuncinta muke karewa. Amma tun daga ranar Inna ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta share tsakar gida, ta dawo ta sake share inda ta share. Ta leƙa zaure ta dawo, ta sake leƙawa. Sau biyu ta ƙona riɗi a kasko, matar da ko ido rufe ta san lokacin saukewa. In la'asar ta yi sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ta tsaya tana kallonta, ta naɗe ta mayar.

Yaya ma can haka. Ya buɗe rumfa yau, gobe ya rufe. Ya zo Ɗanzomo ya kwana biyu, da safe a neme shi a rasa, sai a ji yana Gumel, kafin a kira Gumel ya wuce Gagarawa wurin kawunnai. Wani ya gan shi a hanyar Sule Tankarkar ya kashe babur a gindin aduwa yana zaune, ba ya jiran kowa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. In ka tambaye shi sai ya ce lafiya lau, har da murmushi, ni kuwa murmushin nan ya fi komai tayar mini da hankali.

Bayan an gama yankan gero ya kira ni ƙofar gida ya ce ya sayar da kwamfutar, ya bar wa wani rumfar. Zai bi wasu abokansa haƙar zinare can arewa da Agadas. Alhamis ta sama za su tashi daga Maigatari. Saura kwana takwas.

Mutum uku na sani daga yankinmu da suka tafi can. Ɗaya yana aike, ɗaya ya dawo da tarin da har yau bai bar shi ba, ɗaya kuma shekara uku ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Su ukun ma neman arziki suka tafi. Yayana ba arziki ya tafi nema ba, duk wanda ya kalli idonsa ya san haka. Babanmu ya rasu, Gwaggo Lauratu da ta riƙe shi ta rasu. Mutum ɗaya ya rage a duniya da in ta ce kada ya tafi ba zai tafi ba.

Na same ta tana tsince riɗi na ce, “Inna, kalma ɗaya ce. Ki ce kin hana.”

Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, “To ki faɗa masa.”

Na faɗa masa. Sai ya ce, “Sadiya, shekara talatin da takwas ina jin maganarta a bakin mutane. In ita ce ta hana, ta faɗa mini da bakinta, in ji da kunnena, zan kwance jakata. In kuwa ta bakinki ne, na san ke ce.”

Na kawo mata wannan ma. Ta zubar da riɗin da ta tsince cikin wanda ba ta tsince ba, ta tashi ta shige ɗaki. Kwana biyu ina sintiri tsakaninsu, na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo mata matar liman ta gaya mata wannan kunya ba addini ba ce. Ta ce ta sani. Sau ɗaya har ta fito zaure yana zaune, ta buɗe baki, sai ta tambayi bango ko an ba tumaki ruwa ta juya. Ranar na gane ba taurin kai ba ne. Bakin ne ya daɗe a rufe har ya ƙi buɗuwa.

Ranar Asabar ta aika a kira ni. Na zo da sauri ina zaton ta shirya. Sai ta ce in dawo mata da memorinta, in kuma je Gumel in nemo mata wani fim. Na san shi, don ta kalle shi ya fi sau biyar a gabana, na wani mai kwalekwale da ke haye da mutane kogi da matarsa mai sayar da abinci a bakin ruwa. Amma ba mai fassarar Hausa take so ba, irin wanda take da shi. Wanda ba a fassara ba take so, da yarensu tsantsa.

Na cika na yi fam. Na ce, “Ɗanki zai shiga sahara nan da kwana biyar, ke fim kike nema? Fim ɗin ma da ba za ki ji abin da ake cewa ba?”

Ta ce, “Ki dai je.”

Na je, ina tafe ina mita a kan acaɓa har mai babur ya tambaye ni ko da shi nake. Masu turi biyu suka ce ba wanda ke neman marar fassara yanzu. Na uku ya ce in zauna, ya sauko mini da shi, sai da na yi sallar azahar a wurin. Na kawo na dangwarar mata. Ta ƙulle a bakin zani. Lahadi, Litinin, Talata, ba ta kunna ba, sai kai-komo take a tsakar gida tana taɓa ƙullin.

Laraba bayan la'asar Yaya ya zo sallama. Ya durƙusa a inda ya saba. Inna tana inuwar rumbu, ta jingine waya a jikin ƙwarya. Ba ta bari ya fara ba ta ce, “Sadiya, ki ce wa wancan an turo mini fim ba fassara. Shi da yake jin yarensu, ya fassara mini kafin ya tafi.”

Yaya ya yi 'yar dariya marar daɗi. Ya dube ni kamar ya ce kin gani ko. Amma uwa ce ta nema, ya jawo turmi ya zauna daga nesa. Lasifikar wayar Inna ta daɗe da shaƙewa, bai jin komai daga can. Ya matso. Bai ji ba. Ya sauko ya zauna a bakin tabarmar. Tun da nake ban taɓa ganin su a tabarma ɗaya ba. Na zauna a tsakani, sai a lokacin abin ya fara faɗo mini.

Awa ta farko da gatse ya yi ta. “Ya ce idonta kamar wata. Ta ce ƙarya yake. Yanzu za su yi waƙa, ba sai na fassara ba.” Inna ta kafa wa wayar ido tana gyaɗa kai kamar ba ta taɓa gani ba. Sannu a hankali gatsen ya ragu. Matar mai kwalekwale ta kwanta ciwo. Ya ɗauko ta ya sa a kwalekwale zai haye da ita wurin likita, yana tuƙi yana waiwayenta. A tsakiyar ruwa hannunta ya saki.

Yaya ya daina fassara. Ya dube ni, ya dubi gefen fuskar Inna. Ya gane. Na ga ya dafa ƙasa zai tashi.

Inna ta ce, “Sadiya, me mutumin nan ya ce?”

Mutumin bai ce komai ba. Na san wurin sarai, zaune kawai yake riƙe da kan matarsa ana busa sarewa. Yaya ya daɗe hannunsa a ƙasa. Sannan ya koma ya zauna.

Ya kalli wayar ya ce, “Ya ce tun da asuba ta gaya masa mararta tana ciwo. Ya ce mata yau kasuwa, mutane sun taso daga nesa, ta daure zuwa azahar. Ta ce to. Ya ce ta aiko ana kiransa yana cikin turi, ya ce saura mutum huɗu. Ya ce sai da ya sallami mutum huɗun nan.”

Ba wanda ya san wannan. Wata uku yana yawo da shi daga Maigatari zuwa Gagarawa ana yaba masa tawakkali. Na toshe bakina da mayafi.

Inna ba ta juyo ba. Ta ƙara matsawa kusa da wayar, hawaye yana ɗiga daga haɓarta, ta yi wa mai kwalekwalen magana.

“Kai bawan Allah, ji nan. Ba kai ke riƙe da rai ba. Ko da asuba ka fito da ita, in kwananta ya ƙare a hanya za ta tsaya. Ka yi kuskure, to ka yi, ka roƙi Allah. Amma ba kai ka kashe ta ba. Ta ce maka to don ta san ka, ta san ba wulaƙanci ba ne.” Ta ja numfashi. “Kuma kana da uwa. Wawuya ce, tana da baki ba ta iya amfani da shi ba. Tun kana zanin goyo take kallonka ta wutsiyar ido. Ranar da aka tafi da kai kwana uku ba ta ci abinci ba, ta ce zazzaɓi ne. Ba ta da wanda ya kai ka.”

Yaya ya cire hularsa ya kifa fuska a ciki. Ban taɓa jin namiji yana kuka haka ba, daga can cikin ciki, kafaɗunsa suna rawa. Inna ma tana nata. Ba ta taɓa shi ba, ta dai tura masa kofin ruwa da bayan hannu har ya taɓa gwiwarsa. Ba wanda ya ce wa wani ya yi haƙuri. Fim ɗin ya ci gaba shi kaɗai, ya ƙare, wayar ta yi duhu.

Da ya samu kansa ya goge fuska, yana kallon wayar da ta mutu ya ce, “Ya ce ya ji. Ya ce amma duk inda ya juya a ƙasar nan ita yake gani, ko ƙarar keken ɗinki ya ji sai ƙirjinsa ya riƙe. In ya zauna lalacewa zai yi a gabanta tana kallo.” Ya mayar da hularsa. “Ya ce duk da haka, in uwarsa ta ce kada ya tafi, ko ta bakin wa ta faɗa, ba zai tafi ba.”

Ga shi nan an miƙo mata a hannu, ko bakinta ba sai ta buɗe masa ba, ni ce a tsakani a shirye. Ina ta cewa a raina faɗi mana, Inna, faɗi. Sai ta juyo ta kalle shi. Kallo sosai, ido cikin ido, tun daga goshinsa har ƙasusuwan wuyansa da suka fito. Ta daɗe. Shi ne ma ya sunkuyar da kai.

Ta ce, “Sadiya, ki ce masa Allah ya kiyaye hanya. Ki ce masa na yarje.”

Ban faɗa ba. Ranar ce kaɗai na ƙi isar da saƙonta, bai kuma hana shi ji ba.

Bayan ya fita na juyo kanta. Na ce kwana takwas kina neman abin nan, ya zo hannunki kin sake shi. Tana naɗe tabarma ta ce, “Na ga idonsa. In na ce ya zauna zai zauna, ya riƙa ƙarewa a gabana don kada ya saɓa mini. Ban riƙe shi yana ƙarami ba, ba zan fara riƙonsa yau ta inda zai cutu ba. Ya dai sauke abin da ke cikinsa kafin ya tafi.” Har yanzu ban gama yanke wa kaina ko daidai ta yi ba. Wata rana in ga ta fi mu hankali duka, wata rana in ji kamar in je in girgiza ta.

Wata shida ke nan da tafiyarsa. Tun daga Larabar nan Inna ba ta sake kallon fim ba, ba kuma don an hana ta ba. Can inda yake sai an hau wani tudu ake samun sabis, kiransa yakan zo sau ɗaya a mako biyu ko uku, ba rana ba lokaci. Ta ce fim yana cin caji. Kullum wayar tana cike, tana soke a ƙugunta, ko banɗaki da ita take shiga. Na kawo mata sabon memori cike da irin nata, waɗanda ba a biki a ƙarshe, ta ce in ajiye. La'asar ta zama ba ta da abin yi da ita, sai leƙen zaure da duba fuskar waya. In ya kira ina nan, miƙo mini take ta ce ana kirana, sannan ta matso har kunnenta yana gogar kafaɗata.

Kiran ƙarshe ya zo da hantsi ina makaranta. Ba kowa a gidan sai ita. Ta ɗauka ta kara a kunne. Ta ce ya yi sallama sau uku, ya tambaya ko Sadiya ce, ita kuwa ta kasa buɗe baki, ya yi shiru, sannan layin ya yanke. Ina cikin aji na hango ta ta taga tana ratso filin makaranta da sauri, mayafi a karkace, ta miƙo wayar gaba da hannu biyu. Na kira lambar ya fi sau ashirin, ba ta shiga.

Yau kwana goma sha tara bai sake kira ba. Jiya ina taya ta yanka kantu, tana ta yankawa a karkace, sai ta ajiye wuƙar.

Ta ce, “Sadiya, in mutum ya ɗauki waya bai yi magana ba, na can yana jin numfashinsa?”

Na ce mata yana ji. Ban sani ba ko gaskiya na faɗa.